RA'AYINMU: Daga Ina Kocin Kirki Yake Fitowa?

Duk lokacin da wasannin NUGA ko NIPOGA suka ƙarato, sai mu ga hukumomin manyan makarantu sun shiga fafutikar neman wanda zai horar da 'yan ƙwallo. Galibi akan ɗauko wani tsohon ɗan wasa da ya yi suna a gari, a damƙa masa yara mako uku, a ce ya kawo kofi. In an sha kashi, a ce yaran Birnin Kebbi da Argungu ba su iya taka leda ba. Mu dai ba mu yarda ba.

Bari mu duba inda waɗanda suka ci nasara suka fito. Adegboye Onigbinde malamin makaranta ne kafin ya zama koci, shi ne kuwa ya kai Nijeriya wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan cikin 1984. Yemi Tella, wanda ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu cikin 2007, yana koyarwa ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Shuaibu Amodu ya buga wa Niger Tornadoes, amma karayar ƙafa ta datse wasansa tun bai yi nisa ba. Duk da haka ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin Afirka cikin 1990, ya kuma sama wa Nijeriya gurbin zuwa gasar duniya ta 2002 da ta 2010. (Duka biyun an sallame shi kafin a tafi, wannan kuwa wani ciwon namu ne dabam.) A Italiya ma, Arrigo Sacchi takalma yake sayarwa, bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, ya ɗauki kofin Turai da AC Milan cikin 1989 da 1990.

Ba mu ce tsohon ɗan wasa ba ya koci ba. Ga Stephen Keshi da kofin 2013. Abin da muke cewa shi ne, iya buga ƙwallo dabam, iya koyar da ita dabam. Aikin koci aikin malanta ne: tsara darasi, gane raunin yaro, haƙurin maimaitawa har ta zauna. Wanda zai horar da ɗalibai kuma tilas ya san cewa ɗan wasansa yana da jarrabawa ranar Litinin.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, kowace ta ware gurbin koci na dindindin da albashinsa. A zaɓo daga malaman motsa jiki da suka daɗe suna fama da ƙungiyoyin sakandare, a tura su kwas Legas, sa'an nan a ba su shekara uku cur kafin a tambaye su kofi.