Mai magsala, kafin ka sayi sola fara sauya ƙwan fitila

Wani zai ce ƙasa na cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, shi kuma malam ya zo mana da zancen ƙwan fitila. Na ji. Amma yara biyu daga ajina, da zarar an yi magariba, sai su nufi wurin wankin mota a Umbadda, wato magsala kamar yadda muke cewa a nan, kuma abin da suka samo shi ne burodin gidansu na safe. Daren da babu haske babu aiki.

Magsalolinmu ba irin na Turai ba ne da mota ke shiga rami injin na goge ta. Rumfar kwano ce, da famfo, da tiyo, da samari. Da rana a watan Mayu zafi ya wuce digiri 40, shi ya sa masu raksha da ƙananan bas suka fi kawo wanki da dare. To da wane haske?

Wanda yaran nan ke yi wa aiki, dattijo ne ɗan uwanmu Bahaushe, manyan fitilun halojin shida ya rataya tun kafin yaƙi, kowace wat 500. Na zauna da shi kan benci muka yi lissafi irin na aji huɗu. Shida sau 500, wat 3,000 ke nan. Fitilar LED mai wat 50 za ta ba shi haske kusan daidai da na kowace ɗaya, shidan kuwa wat 300 kacal. Awa biyar a dare, kilowat 15 a can, ɗaya da rabi a nan. Sauran ina yake tafiya? Zafi ne kawai yake zama, yana gasa ƙeyar yara. Kuɗin kuma jamra ce ke cinyewa, ba banza aka sa wa mitar nan suna jamra khabisa ba.

Ya ce da ni, "Malam, wutar ma ina take?" Gaskiyarsa. Madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 an gina ta don ba da megawat 1,250, amma a 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin wuta a can, a watan Mayu kuma suka kai kan na Umdurman, gari ya kwana cikin duhu. A Khartum an farfasa tiransifomomi an kwashe tagullarsu. Sai dai ni wannan hujja a wajena take tsayawa. Tunda kowa yanzu sola da batir yake nema, abin da fitila ke ja ya fi muhimmanci fiye da da. Batir mai amfiya 200 da bolt 12, in ba ka so ka kashe shi da wuri, rabin cajinsa za ka sha. Wannan rabin zai riƙe LED ɗin nan shida awa huɗu. Halojin kuwa ko rabin awa ba zai kai ba. Wanda ya sayi faranti da inbata bai sauya ƙwai ba, ruwa yake zubawa a kwando.

Inda nake jin tsoro shi ne araha. Kasuwa ta cika da LED marasa inganci, an rubuta wat 50 a kwali, wata biyu ta soma ƙifce-ƙifce. Na gida ma ba na magsala ba ne. Wurin da tiyo ke feshi, habub kuma na kawo ƙura, fitila mai rufaffen jiki ake sawa. A duba a ga an rubuta IP65 a jikinta, alamar ƙura ba ta shiga, feshin ruwa kuma bai cutar da ita. Mahaɗar waya ma a sa ta cikin akwati, a ɗaga ta sama. Na ga waya naɗe da leda tana lilo a kan yaro mai jiƙaƙƙun ƙafafu, wallahi ban yi barci ba ranar.

Ban ce a sauya duka rana ɗaya ba, na san halin aljihu. Dattijon nan biyu ya fara saya, ya sa su daidai kan inda ake wanke ƙarƙashin mota. Ya ce in an biya shi bashin masu bas zai ƙaro biyu kafin azumi. Wayar nan mai leda dai na tsaya sai da aka gyara ta a gabana.