Damben na'ura da kuɗin wata: Anya wannan kasuwa za ta ci a Zangon Wagadugu?

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango a Wagadugu da yamma zai ga matasa sun cika rumfunan PlayStation, kowa ya biya kuɗin wasa ɗaya, in an cinye shi ya tashi ya ba wani wuri. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa an ɗauko wani salo daban: mutum ya ɗaura wata na'ura mai kamar tabarau a fuska, ya riƙa kai naushi cikin iska har gumi ya karyo masa, sannan kamfani ya riƙa cirar kuɗinsa duk ƙarshen wata. Abin tambaya a nan shi ne, ko wannan ciniki yana da riba a can inda aka haife shi, balle a ce zai iso gare mu?

Bari mu fara da can ɗin. Kamfanin FitXR na Ingila ya soma ne da wasan BoxVR, wanda ake saya sau ɗaya a huta, amma a 2021 ya koma karɓar kusan dalar Amurka 10 kowane wata. A wannan shekarar ce wasan Supernatural ya ƙara dambe cikin darussansa, kuma Meta, uwar Facebook, ta nemi sayen kamfanin Within mai wasan, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 400. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka ta kai ƙara a 2022 don hana cinikin, kotu ba ta goya mata baya ba, aka kammala saye a Fabrairun 2023. To sai ga shi a Janairun 2026 Meta ta sanar da cewa ta daina sa sabbin darussa a wasan. Mai biyan kuɗin wata kuwa sabon abu yake saye; in ba sabo, me zai sa ya ci gaba da biya?

A nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin da ke karɓar kuɗin wata dole ya riƙa biyan masu horarwa da haƙƙin waƙoƙi ba fashi, alhali shi mai motsa jiki zafin nama ne ke kawo shi, bayan 'yan makonni ya ajiye na'urar ta yi ƙura. Peloton mai kekunan motsa jiki ya ɗanɗana wannan: ya bunƙasa lokacin kullen korona a 2020, amma a Fabrairun 2022 ya sallami ma'aikata 2,800, shugabansa John Foley ya sauka. Shi kuwa Fitness Boxing na Nintendo Switch, da ya fito a 2018 ana sayensa sau ɗaya, ya haura kwafi miliyan ɗaya a 2020.

Mu dawo gida mu yi lissafi. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Burkina Faso sefa 45,000 ne. Na'urar Quest 3S da ta fito a 2024 a kan dala 299 ta kai kimanin sefa 180,000, wato albashin wata huɗu cur, kafin a yi maganar kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kuɗin watan kuma ya haura jaka 5. Ana biyansa da katin banki, mu kuwa Orange Money da Moov Money muka sani. Ga tsadar intanet, ga ɗaukewar wutar SONABEL a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ko babu dambe mutum gumi yake yi.

Sai dai kada mu ce mutanenmu ba sa biyan kuɗin wata. Gidaje da yawa na biyan Canal+, domin akwati ɗaya yana ɗaukar gida duka har da maƙwabta, musamman ranar ƙwallo. Tabarau ɗin dambe kuwa fuska ɗaya yake ɗauka. A ganinmu wannan bambanci ya fi tsadar kanta muhimmanci.

Ba kuma za mu ce ba a son dambe ba. Bahaushe ko a ina yake ya san labarin Shago da Ɗandunawa, ya ji waƙoƙin Ɗan Anace, kuma mutanen Wagadugu ba su manta da Dramane Nabaloum, wato Boum-Boum, ba. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta tara miliyoyin masu kallo, kuma a 2025 kamfanin African Warriors ya kai damben gargajiya tashar DAZN. Amma a lura, duk wannan kuɗin kallo ne da na talla. Mai dako da mahauci da mai tura kura ba sa neman wanda zai sa su gumi, balle su biya shi.

Ƙofar da muka hango ita ce ta masu rumfa. In mai rumfar PlayStation ko mai gidan motsa jiki ya sayi na'ura ɗaya ko biyu, shi ya biya kuɗin watan, yana karɓar sefa 100 ko 200 kan kowane zagaye, lissafin zai iya fita, muddin kamfanin ya yarda a yi haya da wasansa. Sai dai a wajen kamfanin, mutum ɗari na Zango sun zama abokin ciniki ɗaya ke nan, kuma ba a kan irin wannan lissafi aka zuba dala miliyan 400 ba.