Ƙarancin Da Aka Ƙirƙira: Jan Hankali Kan Cinikin 'Yan Tsanar Zamani

 

Ya 'yan'uwa, manomin Shanono ya san ma'anar ƙaranci, domin ya ga shekarar da damina ta yi gardama, ya ga taki ya yi tsada ana tsakiyar noma. Amma akwai wani ƙarancin da 'yan kasuwa ke ƙirƙira da gangan, kuma shi ne jigon cinikin 'yan tsanar roba waɗanda manya ke tarawa don ado da alfahari.

A watan Agustan 2024 an yi gwanjon wani ɗan mutum-mutumin Boba Fett na fim ɗin Star Wars, wanda kamfanin Kenner ya ƙera a 1979, a kan fiye da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, alhali bai kai tsawon tafin hannu ba. Dalilin tsadarsa shi ne samfurin gwaji ne da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba. Haka nan kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin yana sayar da Labubu a rufaffen kwali, mai saye bai san wacce zai samu ba sai ya biya ya buɗe, kuma a wasu jerin, wadda aka fi nema ɗaya ce cikin 72. A Mayun 2025 sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita a shagunansa na Ingila saboda turereniya da rigima a layi.

Dabarar a fili take. A ƙera kaɗan, a yayata, dillalai su kwashe, sannan su sayar da ninkin kuɗin. Mai saye kuwa yana zaton ya yi ajiyar dukiya, alhali ranar da yayi ya wuce roba ce kawai a hannunsa.

Ba muna magana a kan wasan yara ba ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana, kuma da wannan ne mafi yawan malamai suka yi rangwame ga yara. 'Yar tsanar kara da motar kara da yaranmu ke haɗawa bayan girbi ba su taɓa talauta kowa ba. Abin tsoro shi ne baligi ya zuba dukiya a surori, ya haɗa almubazzaranci da ciniki mai garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Kada wani ya ce wannan abin Turai da Sin ne. Kayan Sin sun cika kasuwannin Kano, wayar hannu kuma tana kai talla har ƙauye. Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da kada su shigo da cinikin rufaffen kwali, iyaye kuma su koya wa 'ya'yansu tambayar amfanin abu kafin tambayar kuɗinsa, domin kowa za a tambaye shi inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta.

Allah Ya sa mu dace.