Bajon 'Yan Mazan Jiya: Ina Lissafin Gudummawar?

Gabanin kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Shugaban Ƙasa kan ƙaddamar da bajon tunawa da 'yan mazan jiya, ma'aikata su saya su maƙala a ƙirji. Ana tara kuɗin ne ta hannun ƙungiyar Nigerian Legion domin naƙasassun sojoji, matan mamata da marayu. Sai dai alƙawuran manya ake shelantawa, ba a cika jin abin da ya isa hannun mabuƙata ba. Tsofaffin sojoji kuwa sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan haƙƙoƙinsu. Sadaka ba ta maye gurbin fansho, kuma amanar masu bayarwa ba za ta ɗore ba sai an riƙa wallafa lissafi kafin kowace ƙaddamarwa.