Cara a jini take, waƙa kuwa sai an koya

Sau da yawa idan ana hirar dabbobi sai ka ji an ce ai haka Allah Ya halicce su, ba sa koyon komai. Halitta kam ta Allah ce, amma cewa ba sa koyo, ni ban yarda ba.

A kan zakara maganar gaskiya ce. Ko bai taɓa jin carar wani ba, idan ya girma zai yi tasa daidai. Tsuntsaye masu waƙa kuwa daban suke. A shekarun 1950, wani masani mai suna William Thorpe a jami'ar Kambirij ya reni 'ya'yan wani ɗan tsuntsu da Turawa ke kira cafinc, a ɗakin da ba sa jin muryar manyansu. Da suka girma sun yi waƙa, tsawonta ma daidai, amma a dunƙule, babu salon nan da ake rufe ta da shi. Kuma da zarar shekarar farko ta wuce, gyara ya ƙare. A daji ma, cafinc na wannan yanki da na wancan karin waƙarsu ya bambanta, kamar Bakano da Basakkwace.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da Baba ya ce kada a damu da ƙanena, Hausa a jininsa take. Shekararsa shida, a nan Ingila aka haife shi. Jiya Kaka ta kira daga Kumasi, ta ce masa, "Maigida, ka tashi lafiya?" Sai ya miƙo mini wayar.