Kilishinmu ya wuce takardar siminti

Ƴan uwa matasa, shekaranjiya na shiga wani butik a Yamai. Ga biskit ɗin Turkiyya yana sheƙi cikin kwalinsa, da nauyinsa da ranar lalacewarsa a rubuce. Ina fitowa na sayi kilishin jika biyu, aka naɗe min shi cikin takardar buhun siminti. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rijista a OAPI, wato sunansu yana da kariya. To amma wane babban kanti na Abijan ko Dakar zai jera kilishi ba suna, ba kwanan wata, ba lambar mai shi? Haka ƙuli-ƙulin Maraɗi yake, haka zoɓon da muke sha cikin tsohuwar gorar da ba mu san inda ta kwana ba. Baƙar leda kuwa, tun 2014 doka ta hana ta, ga ta nan tana toshe magudanai, awaki na haɗiya.

Ku masu zana hoton biki da na maulidi a waya, ga aiki. Ku samu inna mai ƙuli-ƙuli a unguwarku, ku tsara mata takardar liƙawa da Hausa da Faransanci: suna, kayan haɗi, nauyi, rana, lambar waya. Ƙungiyoyin mata su yi adashe su sayi injin liƙe baki. Ma'aikatar magajin gari kuma, ina jiran naku tallafin.

Wa zai fara a wannan makon?