Ra'ayinmu: Mu Adana Kufan Kakanni Kafin Garma Ta Shafe Su

A watan Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin maido da darasin Tarihi cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, bayan fiye da shekara goma da cire shi. Mun yi maraba da wannan mataki. Sai dai har yau yaro a Funtua ko Malumfashi yakan haddace labarin Nok da Ife da Benin, alhali bai san cewa ƙasar da mahaifinsa ke nomawa tana ɗauke da nata tarihin ba.

Wannan yanki namu shi ne Katsinar Laka, wadda marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninta a littafinsa kan tarihin Katsina na 1981. Maska da Gozaki da Birnin Kogo tsofaffin garuruwa ne tun kafin jihadin 1804. Abin da ya rage na irin waɗannan wurare shi ne guntayen ganuwa, da ramukan marina, da kashin maƙera, da tsingaro da ke fitowa bayan kowace huɗa. Albarkar ƙasarmu ita ce kuma barazana gare su: kowace damina ana faɗaɗa gonakin masara da dawa da auduga, tarakta na baje tudun da galma ta bari, masu yin bulo na kwashe ƙasar ganuwa.

A nan ne sababbin dabarun zamani suke da amfani. Masu binciken kayan tarihi a yau ba da diga suke farawa ba. Sukan duba hotunan tauraron ɗan'adam, irin waɗanda Google Earth ke bayarwa kyauta, inda zagayen tsohuwar ganuwa kan fito fili ko da mai tafiya a ƙasa ba ya ganinsa. Sukan ɗauki lambobin wuri da na'urar da ke cikin kusan kowace babbar waya. Sukan ɗauki hotuna masu yawa na abu ɗaya ta kowace fuska, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa yadda za a juya shi a allo kamar yana hannu. Shirin Digital Benin, wanda aka buɗe a 2022, ya tattara bayanan kayan Benin fiye da 5,000 da ke warwatse a gidajen tarihi 131 cikin ƙasashe 20, ya sa su inda kowa zai gani.

Ga malamin wannan yanki, batun ya wuce ƙawa. Tun bayan sace ɗaliban Kankara a Disamban 2020, babu shugaban makaranta mai hankali da zai kwashi yara zuwa daji yawon buɗe ido. Idan yara ba za su je kufai ba, hoto da taswira za su iya kawo kufai cikin aji.

Amma akwai gargaɗi. Tun shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da ɓarayi suka fi wawushewa. Wanda ya watsa hoton kufai da lambobin wurinsa a Facebook ko WhatsApp, ya zana wa ɓarawo hanya. Aikin malami shi ne ya gani, ya rubuta, ya sanar da masu alhaki. Tono ba nasa ba ne, domin doka ta ɗora ikonsa a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Abin da aka cire daga mazauninsa ba bisa ƙa'ida ba ya rasa rabin labarinsa har abada.

Saboda haka muna kira ga reshenmu da ya nemi haɗin gwiwa da Sashen Binciken Kayan Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda Zariya maƙwabciyarmu ce, a shirya wa malamai bita lokacin hutu. Muna kira ga hukumomin ilimi su ɗauki nauyinta, har da kuɗin data, domin bai dace a ƙara wa albashin malami wani nauyi ba. Muna roƙon iyayen ƙasa, Sarkin Maska da Galadiman Katsina da dagatansu, su sa albarka, su sada mu da dattawan da suka san sunan kowane kufai, a naɗi muryoyinsu tun suna raye.

Ku kuma iyalanmu manoma, in galma ta tono tsohuwar tukunya, kada a fasa ta, kada a sayar wa baƙo. A bar ta inda take, a sanar da mai unguwa da malamin makaranta. Da sanyin safiya ake kama fara.